Fitila Shida a Gindin Takobi

Ranar Talata ce, saura mako uku bikin Waliyyi Martin. Roswitha Terlinden tana cikin gidan gilas na renon furanni inda take aiki tun tana 'yar shekara goma sha biyar, tana jera tukwanen fure a faranti, sai ta hango Egon Deckers ya shigo ta ƙofar lodi. Egon mutum ne da ko a coci sai matarsa ta zungure shi yake cire hula. Ranar a hannu ya riƙo ta, yana murɗa ta kamar mai matse wanki.

"Kai mabaraci, ba a bara a nan," in ji ta, yadda ta saba tsokanarsa. "Yi gaba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Rosi, ajiye tukunyar nan tukuna."

"In ajiye ta ka ba ni albashi?"

"Alfons ne. Ya faɗi a kan keke, a hanyar Geldern. Mai motar burodi ne ya tsince shi. Sun ce zuciya ce. Sun ce bai wahala ba."

Gurbi biyu suka rage a farantin da ke gabanta. Ta cike su, ta tura farantin kan amalanke, ta goge hannu a jikin rigar aiki. Daga baya matan wurin sun ce ta yi ihu. Ita ba ta tuna ba. Gurbin nan biyu kawai take tunawa.

Shekara ashirin da tara mijinta Alfons ne yake fitowa a matsayin Waliyyi Martin a bikin ƙauyen. Kowace sha ɗaya ga Nuwamba, da faɗuwar rana, zai hau farar goɗiya da kwalkwali da jar alkyabba, yara na biye da fitilunsu na takarda, har filin bayan makaranta inda 'yan kwana-kwana ke hura babbar wuta. A nan Egon, a matsayin mabaraci, yake durƙushe cikin tsumma yana rawar sanyi, Alfons ya zare takobi ya raba alkyabbar gida biyu ya yafa masa rabi. Alkyabbar dama da maɓallai take haɗe a tsakiya, Roswitha ce ta ɗinka su. Goɗiya uku suka tsufa a ƙarƙashinsa. Bana ce ta talatin, kuma ya ce ita ce ta ƙarshe, gwiwa ta ƙi.

Da can takobin ƙarfe yake riƙewa. Da kwamitin biki ya hana saboda yara, aka ba shi na katako mai fentin azurfa. Bara, ana tsakiyar raba alkyabba, wata mata daga can baya ta ɗaga murya ta ce, "Wai ya yanka ne?" Mutane suka yi dariya. Alfons ya dawo gida bai taɓa abinci ba.

"Saran nan guda ɗaya ake taruwa a gani," ya ce, "kuma rabin gari ba sa gani. Baɗi sai na yi takobin da na bayan baya ma zai gani."

Shi ba mai gyaran wuta ba ne, tankar madara ya tuƙa har ya yi ritaya. Amma ya sayo ɗan littafi, ya dinga zirga-zirga zuwa shagon wani mai gyaran rediyo a Geldern, ya mayar da teburin kicin wurin aikinsa. Wata uku a kan cinya suke cin abinci.

Wata safiya ya jera mata ƙananan ƙwayayen fitila guda uku a kan tebur, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, da dogayen ƙafafu biyu. Ya taɓa kowanne da ɗan batirin agogo.

"To, gimbiya, wanne?"

"Farin nan kamar barandar asibiti."

"Shuɗin fa?"

"Kai Martin ne ko ɗan sanda?"

Ya kunna na ukun, mai ruwan zuma. Ta ce wannan kam kamar kyandir, zai dace da fitilun yara. Shi ya zaɓa. Ya sayo ashirin da huɗu, ya raba su shida-shida gida huɗu, ya liƙe ƙafafunsu da dalma kamar tsani. Kowane gida ya ba shi jar wayarsa, ya naɗa mata salatif ya rubuta lamba, ɗaya a tsini har huɗu a gindi, sannan baƙar waya guda ta kowa da kowa. Ya kwantar da su tsakanin falle biyu na roba mai kama da gilas, waɗanda ya goge da samfefa har suka yi dusu-dusu kamar taga a safiyar sanyi. Daga ƙarshe ya tsiyaya irin gam ɗin nan da in ya bushe yake komawa dutse.

"Ko Egon ya zauna a kansa ba zai fashe ba," ya ce.

Ya gwada shi kafin ya rufe, amma ranar tana wurin aiki. Da ta ce ya kunna mata ta gani, ya ƙi. "Sai ranar. Ki je can baya wajen motar kwana-kwana ki tsaya, in mun dawo gida ki faɗa min ko an gani."

Bayan an binne shi, dangi da maƙwabta a gidanta za su sha kofi da kek, kamar yadda ake yi wa kowa. Dole teburin ya koma tebur. Da sassafe ta kwashe kayansa. Takobin ta naɗe a tawul ta ɗora a kan kabad, ƙarfen narka dalma da fulaya ta zuba a kwali. A gefen tebur akwai ɗan farantin kofi guda daga cikin goma sha biyun aurensu, cike da guntayen waya da ɗigon dalma da wasu 'yan abubuwa huɗu masu kama da ƙwayar shinkafa mai ƙiba, da zane-zane a jikinsu. Baƙi goma sha biyu take jira. Ta juye shi a shara, ta wanke, ta jera shi da 'yan uwansa.

Kwana biyu bayan haka aka kawo mata kayan da ke jikinsa ranar: agogo, makulli, da wata 'yar jakar takarda daga shagon mai rediyo. A ciki akwai akwatin batir mai cin guda huɗu da ɗan makunni mai dannawa. Abin da ya kai shi Geldern ke nan.

Egon ya zo ranar Alhamis, ya zauna a kujerar da ba ta Alfons ba.

"Torsten zai hau, mijin 'yata. Ya iya doki, ba laifi. Kwamiti sun ce a fito da na katakon."

"Da takobin Alfons zai hau."

"Ai bai gama ba, Rosi."

"Saura a haɗa batir. Ga shi nan, ya sayo komai."

"To kawo in duba."

"Kai? Kai da ka gyara famfon coci aka yi sati ana kwasar ruwa? Ka tsaya a bararka."

Egon ya yi 'yar dariya, ta farko tun ranar Talatar nan. "Kin taɓa riƙe waya kuwa?"

"Wata uku ina kallonsa. Ja da ja, baƙi da baƙi. Ba karatun likita ba ne."

Gaskiyar ita ce ba ta son hannun kowa a jikinsa. Akwai wurin da babban yatsan Alfons ya dangwali gam ɗin kafin ya bushe, shaidar tana nan kusa da mariƙi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ta shimfiɗa jarida a kan tebur, ta sauko da takobin, ta sa sababbin batura huɗu a akwatin. Ta murɗe baƙar waya da baƙa. Ta ja labule don ta gani da kyau. Sannan ta ɗauki jar waya mai lamba ɗaya ta taɓa ta da jar wayar akwatin.

Tsinin takobin ya kama. Ba ta taɓa zaton zai yi haske haka ba. Kicin ɗin gaba ɗaya ya koma ruwan zuma, har tukwanen da ke rataye. Ta ce, "Kai, Fons!" da ƙarfi, kamar yana bayanta. Kafin ta rufe baki hasken ya yi ja, ya ɗauke.

Ta ɗauka wayar ce ta zame. Ta ce bari ta gwada ta biyu ta dawo. Ta biyu ma ta kama, ta haska, ta ɗauke. Ta ce ƙila haka ya tsara shi, ya yi walƙiya lokacin sara. Ta taɓa ta uku, wannan karon ta danne da yatsa sosai don kada ta zame. Wayar ta yi zafi a hannunta. Hasken ya zo ya tafi.

Ta riga ta ɗauki ta huɗu, sai wani abu ya ce mata ta koma ta farko. Ta koma. Babu komai. Ta biyu, babu komai. Ta juya baturan, ta goge bakin wayoyin da wuƙa, ta sake. Ta buɗe labule ta ɗaga takobin a hasken taga. A cikin kowane ƙwai, daga tsini har ƙasa da tsakiya, akwai ɗan baƙin ɗigo kamar kan allura. Shida na gindi ne kawai suke garau.

Ta zauna a wurin har kofin da ta haɗa ya huce.

Ranar Litinin ta shiga bas da takobin a naɗe cikin tawul. Mai shagon, Herr Opgenoorth, tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Tun kafin ta gama warware tawul ɗin ya gane.

"Wannan ai na Martin ɗinmu ne. Ke ce matarsa, Frau Terlinden. Na ji labari. Allah ya ba ki haƙuri. Mutumin nan ya cinye min kunne da tambaya, amma ban taɓa gajiya da shi ba."

Ya ɗora takobin a kan kanta, ya taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da allurai biyu na wata 'yar na'ura. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci.

"Ina rizistocin?"

"Ina me?"

"Na ba shi guda huɗu. Kowace jar waya da nata. Birki ne. Ƙwayayen nan ba su san ƙoshi ba, duk wutar da kika ba su sai su shanye har su ƙone. Batir huɗu kuwa ya ninka abin da suke ɗauka har uku. Shi wannan ɗan abin ne yake tsayawa a tsakani."

Ya jawo wani ɗan aljihun kabad ya ɗauko guda ya ɗora a tafin hannunta. Ƙwayar shinkafa mai ƙiba, zane biyu ruwan lemo, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan gwal.

Ta daɗe tana kallonsa. "A farantin kofi suke," ta ce. "Baƙi za su zo."

Herr Opgenoorth bai tambaye ta ma'anar wannan ba.

"A buɗe a canja ƙwayayen," ta ce.

"Da me? Ya zuba gam ɗin da ko zarto sai ya yi gumi. In na yanka, roba za ta tsage, aikinsa na ciki ya tafi. Na faɗa masa ya bar hanyar buɗewa, ya ce shi abin da zai yi ba mai lalacewa ba ne." Ya mayar da tabarau ɗaya goshi. "Ki ba ni kwana biyu in yi miki sabo. Akwai fitilu na zamani a jere kamar ɗamara, a zura a bututu, ya fi wannan haske sau biyar. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane."

"To. Saura shida ke nan."

Ya ce zai haɗa mata, ta ce a'a, ya nuna mata dai. Ya zaunar da ita a bayan kanta, ya ba ta ƙarfen dalma. Jar waya ta huɗu zuwa ƙafar rizista, ɗaya ƙafar zuwa makunni, makunni zuwa akwatin batir. Ya ce ƙarfen ake fara ɗorawa a kan wayar ta yi zafi, sannan a kawo dalma, ba a ɗiga ta daga sama kamar miya. Liƙinta na farko ya yi dunƙule, ya sa ta sake. Na uku ya ce ya yi. Suka naɗe da salatif, suka tura komai cikin mariƙin. Ta danna.

Shida na gindi suka kama, a hankali, ba irin hasken ranar Lahadi ba. Tsawon tafin hannu guda. Sauran takobin yana nan dusu-dusu.

"Abu ɗaya," in ji tsohon, tana naɗe tawul. "Birki guda suke rabawa su shida. In ɗaya ya mutu, sauran ne za su ɗauki rabonsa, sai su fi saurin gajiya. Kada ki bar shi a kunne a banza."

Ranar bikin an yi yayyafi da rana, ya ɗauke kafin biyar. Torsten ya zo karɓar takobin cikin alkyabbar da aka rage wa tsawo. Ya danna makunnin, ya juya shi, ya dubi surukinsa.

"Iyakarsa ke nan, Baba?"

"Iyakarsa ke nan, kuma da shi za ka hau," in ji Egon, fuskarsa duk baƙin gawayin da ya shafa. "In ka yar da shi, a cikin wutar nan zan jefa ka, 'yata ta sake miji."

Roswitha ba ta bi jerin ba. Ta wuce kai tsaye filin, ta tsaya a can baya jikin motar kwana-kwana. Ta ji badujala tana matsowa, ta ga fitilun yara suna shigowa layi-layi. Wutar ta tashi ta fi rufin makaranta. Goɗiyar ta zagaya sau ɗaya ta tsaya. Ta ga kwalkwali, ta ga hannu ya ɗaga sama. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta ƙura ido har ya kawo ruwa.

Ba ta ga komai ba. Hasken babbar wutar ya haɗiye shi, hannun rigar Torsten ya rufe sauran. Wani mutum kusa da ita, da 'yarsa a wuya, ya ce, "Sun gama ne?" Aka soma tafi daga gaba, ya biyo har baya.

Ana rabon burodin biki mai siffar mutum da lofe a baki, Egon ya ratso jama'a ya same ta, rabin alkyabba a kafaɗa, takobin a hannu.

"Ya kama, Rosi. Na gani."

"Ƙarya kake, mabaraci."

"Na rantse. A kan hancina yake. Kamar kyandir, yadda ya so."

"Kai ai a gaba kake. Ba don kai ya yi ba."

Egon ya miƙa mata takobin. Har lokacin a kunne yake, Torsten ya manta. Ta kashe, ta sa shi cikin rigar sanyinta, ta tafi gida ba ta karɓi burodin ba.

Da shekara ta zagayo Torsten ya yi odar nasa, fari fat mai ratsin shuɗi, har ƙara yake yi in an kaɗa shi. Aka ce ko daga bakin titi ana hango shi. Yara suka yi ta ihu. Egon ya yi bara shekara ɗaya a gabansa, ya ce ya isa, shi ma gwiwa. Ba wanda ya sake tambayar na Alfons, ita ma ba ta sake zuwa filin ba.

Ta bar aikin gidan gilas. Farantan kofin suna nan goma sha biyu cif a kabad, ba ta sake fito da su ba, a kofin roba take sha. Takobin yana kan tebur, ta gefen da Alfons yake zama, a kan tawul ɗinsa. Kowace safiya, kafin ta buɗe labule, takan ɗora babban yatsanta a kan shaidar nasa, ta danna makunnin, ta ƙirga su da ido, ta kashe da sauri. Shekara biyu, fitila shida take samu. Tun watan Maris ɗin da ya wuce biyar ne.